Rigar Ruwan Milimita

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna ruwan sama. Kullum ƙarfe bakwai na safe zai zagaya bayan ofishinsu na tashar auna yanayi, ya ɗage mazurarin da ke bakin gwangwani, ya juye abin da ya taru cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya rubuta. Idan ka ce masa, "Kai, jiya an sha ruwa," ba zai ce e ba, ba zai ce a'a ba, sai dai ya ce, "Milimita goma sha takwas." Tun abokan aiki na tsokanarsa da sunan har ya bi shi gida, ya bi shi unguwa. Yanzu da ya yi ritaya, ko mai kawo masa jarida Milimita yake ce masa, shi kuma ya amsa ba tare da ya ji komai ba.

Matarsa ce kaɗai ba ta kiransa haka. Ita Malam take cewa. Shi kuma Shugaba yake ce mata, don ta daɗe tana riƙe da wata makarantar firamare, kuma a cewarsa da ta bar aiki ba ta ajiye muƙamin ba, gida ta dawo da shi.

Bayan ritayar jininsa ya fara hawa, likita ya ce ya riƙa tafiya a ƙasa. Sai ya haɗa kai da tsofaffin abokansa biyu, Direba da Tela. Duk Asabar su fito da sassafe, su bi hanyar da ta zagaya madatsar ruwa, su haye tudu, su gangaro ta bayan filin ƙwallo. Tafiyar awa biyu da rabi ce, in dai Direba bai tsaya ba da labari ba, don shi ba ya iya haɗa magana da tafiya, sai ya ja birki tukun.

Abin ya karɓe shi. Tumbin ya ragu, barci ya dawo. Sai damina ta faɗi.

Yana da wata rigar ruwa ta roba, baƙa, wadda ofis ya raba musu tun kafin a haifi autarsu. Nauyi gare ta kamar bargo, ga warin taya. Ranar Asabar ta biyu da faɗuwar ruwa ya zura ta ya haye tudu da ita cikin yayyafi. Ruwan sama ko ɗigo bai shiga ba, wannan kam ba a ƙwace mata. Amma kafin su kai sama gumi ya jiƙa shi sharkaf tun daga wuya har ƙugu. Da suka tsaya hutawa ya ɓalle maɓallan gaba ɗaya, ya buɗe ƙirji, iska mai sanyi ta yi ta dukansa yana cewa, "Yawwa, yanzu na ji daɗi."

Ranar Litinin zazzaɓi ya rufe shi. Tari ya biyo baya, irin wanda ke taso wa mutum daga can ƙasan haƙarƙari. Kwana tara ya yi a kwance. Ya roƙi Shugaba kada ta gaya wa Auta, ta ce to. Tana fita tsakar gida ta kira ta.

Auta ma'aikaciyar jinya ce a wani asibiti da ke ɗaya gefen garin. Ta zo ta duba magungunan da aka rubuta masa, ta sa abin sauraren ƙirji ta ce ya ja numfashi, ya sake ja. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi tayar masa da hankali ke nan. Sai da ya warke, ya fara cin abinci sosai, sannan ta dawo ranar hutunta, ta wuce bayan ƙofa ta sauko da rigar robar ta riƙe ta da yatsu biyu.

"Baba, tashi ka shirya. Za mu je mu sayi wata."

"Me wannan ta yi? Ta girme ki fa."

"Ai shi ya sa. Ta yi aikinta, a bar ta ta huta kamar yadda aka bar ka."

"Ba ta taɓa yoyo ba."

"Ba ta yoyo, amma dafa ka take yi. Akwai waɗanda ruwa ba ya shiga, gumi kuma yana fita."

Milimita ya gyara zaman tabaransa ya dube ta ta sama, irin kallon da yake yi wa sabon ma'aikaci da ya karanta kwalba a karkace.

"Auta, ni da ruwa mun san juna. Abin da ya hana shi shiga zai hana shi fita. Gumi ba ruwa ba ne? Wannan zancen 'yan kasuwa ne."

Shugaba tana ɗaki tana ninke kaya, ba ta ko leƙo ba. "Malam, ga takalminka nan a ƙofa. Ka ɗauki suwaita kuma."

"Suwaita a wannan zafin?"

"Auta ce ta ce."

Ya tashi.

Bas biyu suka hau. Shagon yana kan wani titi mai cunkoso, tsakanin mai gyaran keke da mai sayar da tabarau. Daga waje ƙarami ne, amma ciki ya zurma. An kafa ƙaramin tanti a tsakiya don a gani, ga jakunkunan goyo a rataye har rufi, ga takalma masu kaurin ƙasa, ga fitilun goshi, ga igiyoyi a naɗe. Bango guda kuma rigunan ruwa ne zalla, jere a kan hanga, launi-launi.

Mai shagon mutum ne kakkaura da zai kai arba'in da biyar, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya gaishe su, ya jawo wa Milimita kujera. Bai nuna musu riga ko ɗaya ba, sai ya fara tambaya. Ina za a je da ita? Tafiya ce a ƙasa ko a kan babur? Awa nawa? Da hawa ko shimfiɗaɗɗiyar hanya? Yana yawan gumi?

"Kamar tulu," in ji Auta.

"Ni ake tambaya," in ji Milimita. Ya gyara zama. "Ina yi."

"Da wane aiki Baba yake yi?"

"Tashar auna yanayi."

Mai shagon ya ja da baya ya riƙe ƙugu. "Ashe yau Allah ya kawo min ku har shago! Baba, shekara bakwai na yi ina kai saƙo a kan babur. Sau nawa rediyo zai ce yau garas, in fita ba riga, in dawo kamar an tsamo ni daga rijiya?"

"A'a, dakata. Masu hasashe daban, suna hawa na biyu. Ni sai ya sauka nake aunawa. Ban taɓa yi wa kowa alkawari ba."

"To ai shi ke nan, kun fita."

Suka yi dariya su duka. Milimita ya ji mutumin ya ɗan kwanta masa, amma bai sauka daga kan bakansa ba. Ya maimaita masa abin da ya gaya wa Auta, har da ɗaga yatsa.

Mai shagon bai yi musu ba. Ya shiga bayan kanta ya kunna butar lantarki da yake dafa shayi da ita. Kafin ta tafasa ya ɗauko wani ƙyalle mai faɗin tafin hannu biyu, irin yadin da ake ɗinka rigunan, ya miƙa wa Milimita ya ce ya lanƙwasa shi kamar kwano. Ya zuba masa ruwan sanyi a ciki.

"Matse shi, Baba. Yi yadda ka ga dama."

Milimita ya tattare bakin ƙyallen ya matse, ya shafa ƙasan da bayan hannu. A bushe. Ya ɗaga shi sama ya leƙa. Ruwan yana ta gangara a ciki dunƙule-dunƙule, bai kama yadin ba.

"Wannan ai tawa ma tana yi."

"Na sani. Saura ɗayan."

Butar ta tafasa. Mai shagon ya cika kofi da ruwan zafi, ya rufe bakinsa da ƙyallen, ya ɗaure da roba tam. Sannan ya kifa kofin gilashi a kai. Suka zuba ido. Ba a daɗe ba cikin gilashin ya fara dushewa daga ƙasa, hazo ya hau shi har ba a ganin ɗaya gefen.

Milimita ya tashi daga kujera. Ya ɗage gilashin, ya sa yatsa ya shafo cikinsa, ya dubi yatsan. Ya duba robar ko ta gefe tururin ya bi. Ya goge gilashin da hankicinsa ya sake kifawa da hannunsa, ya tsaya yana kallon agogo. Ya sake dushewa.

"Huji ne a jikinsa," in ji mai shagon, "ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani. Ɗigon ruwa ya yi musu girma, tururi kuwa yana wucewa. Gumin da ke tashi daga jikin mutum kafin ya zama ruwa ai tururi ne."

Milimita ya ajiye gilashin. Can ya ce, a hankali, kamar da kansa yake magana, "Ɗigo da tururi. Ai kuwa ba girmansu ɗaya ba." Ya juyo ya dubi 'yarsa. Ta kawar da kai tana kallon tanti, amma kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki a fili," ya ce. "Na ji, an kayar da ni."

Abin mamaki, bai ji haushi ba. Rabon da wani ya nuna masa sabon abu game da ruwa har ya manta. Ya naɗe hannun rigarsa ya nufi bangon riguna da kansa.

Ta farko da ya ɗauko ya juya takardar da ke rataye a wuyanta, ya kawo ta kusa da tabarau, sai ya daskare.

"Malam mai shago, zo. Me nake gani a nan? Milimita dubu goma?"

"Haka ne."

"Dubu goma! Ka san abin da ake nufi da milimita dubu goma kuwa? Shekarar da muka fi samun ruwa a aikina ko kusa da nan ba ta je ba. Wa ya rubuta wannan?"

"Ba ruwan sama suke nufi ba, Baba. Bututu suke tsayarwa a kan yadin, su yi ta ƙara ruwa a ciki har sai ya fara ɓullowa ta ƙasa. Tsawon ruwan da ya jure shi ne wannan lambar."

Milimita ya ɗaga kai ya dubi rufin shagon, ya ƙiyasta da ido. "Mita goma ke nan. Ya fi wannan ginin."

"Ya fi."

"Wato akwai wani mutum a wani wuri, aikinsa ke nan, ya tsaya gaban bututu yana jiran ɗigo ya rubuta."

"Ina jin yanzu inji ne ke yi."

"Inji ba ya rubuta kansa. Da mutum a wurin." Ya shafa takardar da babban yatsa, fuskarsa ta saki. Daga nan duk rigar da ya ɗauko sai ya fara karanta lambarta da ƙarfi. Dubu biyar. Dubu ashirin. Ya ce ta dubu ashirin yake so.

"In kana son ta ga ta," in ji mai shagon, "amma ta masu kwana a kan duwatsu ce da kaya a baya. Tafiyar awa biyu da rabi, dubu goma ta ishe ka har da saura. Abin da ya fi lamba shi ne nan." Ya juya wata riga ciki waje ya nuna masa bakin ɗinkin. An bi kowane layi da wani siririn tef an manne. "Allura huji take yi. Yadi ya yi kyau yadda ya so, in ba a rufe ɗinkin ba ta kafaɗa ruwa zai same ka. Duba wannan." Ya ɗauko wata mai kyan gani daga ƙarshen layi ya juya ta. A wuya da kafaɗa kawai aka manna, gefuna da hannuwa zare ne tsirara. "Wannan ta gudu daga mota zuwa ƙofar ofis ce."

Aka shiga gwaji. A nan ya gane dalilin suwaita: sai da Auta ta sa ya saka ta, sannan aka ɗora riga a kai, don kada a sayi wadda za ta matse shi ranar sanyi. Ta farko ta kama shi a hammata. Ta biyu da ya ɗaga hannu sama sai ta tattare ta bar masa ƙugu a waje. Mai shagon ya sa shi ya sunkuya kamar zai ɗaure takalmi, ya miƙa hannu gaba, ya juya hagu da dama. Mutane biyu da suka shigo neman jaka suka tsaya kallo. Milimita bai damu ba, har tsugunawa ya ƙara da kansa.

Ya ga wata mai kauri da laushi a ciki kamar gashin tunkiya, ya rungume ta. "Wannan ita ce riga."

"Ita ce za ta mayar da kai gado," in ji Auta.

"Gaskiyarta," in ji mai shagon. "Ɗumi daban, tare ruwa daban. In sanyi ake, sa suwaita a ciki. In ka ji zafi, ka cire ta. Wannan kuwa ba yadda za ka yi da ita a tsakiyar tudu."

Ta huɗu ce ta zauna masa. Ba nauyi, ta sauko ta rufe aljihun wando, hannun yana da abin matsewa a wuyan hannu. Mai shagon ya ɗaga masa hannu ya ja wani zif da ke ɓoye a ƙarƙashin hammata, iska ta shiga.

"Taga ke nan. Zan gaya maka gaskiya, Baba, ba sihiri ba ce. In ka hau tudu da sauri za ka yi gumi, yadin ba zai iya kwashe shi duka a lokaci ɗaya ba. Da ka ji ɗumi ya fara, ka buɗe nan tun kafin ka jiƙe. Kada ka buɗe ƙirji."

"Wa ya gaya maka na buɗe ƙirji?"

"Kowa shi yake yi."

Aka ja masa hular rigar. Tana da ɗan baki mai tauri a gaba da zai kare tabarau daga ɗigo, da igiya a ƙeya. Da aka ɗaure, ya juya kai, hular ta bi shi maimakon ya tsinci hancinsa a cikinta. Ya zura hannu a aljihun ƙirji, ya ciro ɗan littafin da yake yawo da shi ya gwada. Ya shige, zif ya rufe.

Saura launi. Iri ɗaya ce kala uku: toka, baƙa, da ruwan goro mai haske.

"Toka," in ji Milimita.

"Ruwan goro," in ji Auta.

"In fita kamar mai gyaran titi? Direba zai yi shekara yana min dariya."

"Ya yi ta yi."

"Mutum mai shekaruna..."

"Baba." Ta sassauta murya. "Hanyar bayan filin ƙwallo ba ta da gefen masu tafiya. In hadari ya haɗu duhu ake yi. A wurin aiki ina ganin waɗanda ake kawowa, kullum mai motar cewa yake bai gan su ba. So nake a gan ka tun daga nesa."

Ya dube ta. Ita ce wadda yake ɗorawa a kafaɗa tana ƙarama ta riƙe masa mazurari. Ya juya ga madubi ya daɗe yana kallon dattijon da ke ciki, sanye da ruwan goro har wuya.

"Ba ta yi muni ba," ya ce.

Auta ta tsinke takardar kuɗin ta jefa a jakarta kafin ya kai hannu. Mai shagon yana naɗe rigar yana jan kunne: a wanke ta da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulu kaɗan, kada a murɗe, a shanya a inuwa, kada a kusance ta da dutsen guga mai zafi.

"Wannan na ƙarshen ka rubuta min a takarda," in ji Milimita. "A gidanmu har safa ake gogewa."

Ya kawo riga gida ya rataye a bayan ƙofa. Ruwa kuma ya ɗauke.

Kwana goma sha biyu sama tana fes. Kullum da safe ya fito tsakar gida ya ɗaga kai, ya duba gabas, ya koma. Ranar Asabar ya naɗe ta ya sa a jaka ya tafi da ita, rana ta gasa su, ya dawo da ita yadda ya tafi. Direba ya sa ya fito da ita a kan tudu, ya kare ido da hannu ya ce a kashe fitilar nan haka. Tela kuwa bai yi dariya ba. Ya juya ta ciki waje, ya bi ɗinkin da farce tun daga wuya har ƙasa, ya ja zif ya mayar sau uku, ya ce, "Wanda ya yi wannan ya san aikinsa." Wannan kalma ta yi wa Milimita daɗi har yamma.

Wata rana ya shigo ya tarar Shugaba ta shimfiɗa rigar a kan teburin guga tana jiran dutse ya yi zafi. Ihun da ya yi sai da maƙwabciya ta leƙo ta katanga.

"Duk ta yamutse," in ji Shugaba. "Haka za ka fita da ita a ce ba ka da mata?"

Ya ɗauko mata takardar mai shago. Ta karanta, ta gyara masa kuskuren rubutu guda biyu da biro, ta mayar da rigar bayan ƙofa.

Asabar ta gaba sun baro madatsar ruwa, sun fara hawan tudu, sai iska ta juya. Milimita ne ya fara jin ƙamshin ƙasa. Kafin su kai rabi gabas ta yi baƙi ƙirin. Ya tsaya, ya buɗe jaka ba gaggawa, ya saka riga a kan suwaitarsa, ya ja zif har haɓa, ya matse wuyan hannu, ya ɗaure hula. Ɗigon farko ya faɗo masa a kafaɗa ya gangara.

Sai ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya. Direba ya buɗe lema, iska ta juye ta sama ta bar masa ƙarafa. Tela ya zaro wata babbar leda ya huda ya zura kai. Su biyun suka ruga rumfar kwano da ke gefen ɗakin injin ruwa, suna ƙwala masa kira.

"Ku je, ina zuwa!"

Bai je ba. Ya ci gaba da hawa a hankali. Ruwan yana buga hular kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano, yana zuba ta bakin hular ya wuce gaban tabaransa. Da ya ji ɗumi ya fara taruwa a bayansa, ya ɗaga hannu ya buɗe zif ɗin hammata, sanyi kaɗan ya shiga ya zagaya. Ya kai sama shi kaɗai. Daga nan ana ganin madatsar gaba ɗaya, fuskar ruwan tana tafasa, ruwan saman yana tafiya a kanta layi-layi, wani na korar wani. Wasu fararen tsuntsaye sun jeru a kan bango sun ƙudundune. Duk shekarun nan da safe yake zuwa, bayan an gama, ya tarar da ruwan kwance a gwangwani. Bai taɓa tsayawa a tsakiyarsa haka kawai ba, ba sauri, ba ɗari, ba abin da ake jira ya kai ofis. Ya tsinci kansa yana dariya shi kaɗai.

Da ya gangaro rumfar ya tarar da Direba ya jiƙe har ciki, haƙoransa na haɗuwa, ya rungume ƙirji, ko labari babu. Milimita ya buɗe rigarsa, ya cire suwaitar, ya miƙa masa.

"Cire wannan jiƙaƙƙiyar ka sa."

Direba ya karɓa ya shafa, ya kai ta kumatu. "A bushe take."

"Da ɗuminta ma. Sa, kafin ka yi irin kwanciyar da na yi."

Ya saka. Ta matse shi a ciki, hannun bai kai masa ba, Tela ya ce ya yi kama da ɗan makaranta da ya maimaita aji sau shida. Suka zauna a kan wani benci suna kallon ruwa har ya tsagaita. A hanyar dawowa, ta bayan filin ƙwallo, Direba ya ce Milimita ya shiga gaba, su bi shi a baya. Motoci suna rage gudu tun daga nesa.

Shugaba tana tsaye a bakin ƙofa da tawul. Milimita ya ja zif ya buɗe rigar. Ta taɓa ƙirjin rigarsa ta ciki, ta zagaya ta taɓa baya.

"Nan da ɗan damshi."

"Gumi ne, kaɗan. Na makara ban buɗe taga da wuri ba."

"Ina suwaitar?"

"Tana jikin Direba."

Ta buɗe baki za ta yi magana, sai idonta ya sauka ƙasa. Wandonsa daga gwiwa ya manne masa a ƙafa, takalman kuwa duk takun da ya yi sai sun yi kuka, ruwa na fitowa ta gefe. Ya bar sawu tun daga ƙofa.

"Malam, sama ka rufe ka bar ƙasa a buɗe. Cire min su a nan."

Ya zauna a dakali ya cire, ya tsiyaye ruwan. Ta kawo tsofaffin jaridu suka zauna tare suna cusawa a ciki, shi ɗaya ita ɗaya. Ta kawo shayi da burodi. Yana sha yana ba ta labarin madatsar, yadda ruwan ke tafiya layi-layi, da tsuntsayen, da lemar Direba. Ta saurara har ya gama ba ta katse shi ba, abin da ba ta saba yi ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Auta ce, tana tambaya ko ya fita, ko ya jiƙe. Ya ce mata riga ta yi, takalmi ne ya ci amanarsa. Ta ce to ranar hutunta mai zuwa sai su koma.

Da ya ajiye wayar Shugaba tana juya cokali a kofi.

"A shagon nan," ta ce, "suna da na mata?"

"Bango guda. Me ya faru?"

"Shekara nawa muna garin nan, ban taɓa ganin madatsar nan ba sai ta tagar bas."

Ya ajiye kofinsa ya dube ta. "Awa biyu da rabi ce fa. Da tudu."

"Na ji. Ka gaya wa Auta mu uku za mu je shagon."